Bindiga Mai Sakatar Hagu

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina zuwa Guangzhou saro takalma, kuma mafi yawansu tun kafin jirgi ya sauka a Kano na manta da su. Amma ranar da na zaɓa wa maigidana bindigar farauta ina tsaye a shagon takalma, ni da ban taɓa danna kunama ba tunda aka haife ni, wannan ranar ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Kuma bari in faɗa tun yanzu, ina alfahari da abin. Duk wanda ya zauna da ni na minti goma sai ya ji labarin, ko yana so ko ba ya so.

Maigidana manomi ne, kuma maharbi ne. Garinmu yana kudancin Kano, a bakin daji, inda gyado kan shiga gonar rogo ya yi wa mutum ɓarnar da sai ya zauna ya riƙe kai. Idan haka ta faru, ƙofar gidanmu ake bugawa. Malam, haka nake kiransa, yana da lasisinsa na gwamnati tun kafin ya aure ni, kuma shi ke riƙe da ƙahon maharban garin, wato shi ke busawa a taru, shi ke busawa a watse. Bindigarsa irin wadda suke ce wa mai sakata ce. Akwai wani ɗan ƙarfe mai dunƙulallen kai a gefenta na dama, kamar dai na sakatar ƙofa. Idan ka yi harbi sai ka ɗaga shi ka ja baya, kwanson harsashi ya faɗo, ka tura ka rufe, sabo ya shiga. Tsohuwa ce ƙwarai, ga nauyin tsiya, amma bai taɓa kuka da ita ba.

Sai wata damina ya ɗauko buhun taki a babur, ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe, kafaɗarsa ta dama ta karye. An je asibiti, an je wurin mai ɗori, ƙashi ya haɗe, amma ƙarfin bai dawo ba. Wata rana da hantsi ina shanya na hango shi a bayan rumbu ya ɗaga bindigar zai kai kafaɗa. Hannun ya kama rawa tun kafin ta isa. Ya sauke, ya sake gwadawa, ya sake saukewa. Bai san ina kallonsa ba. Ya naɗe ta a tsummanta ya mayar ɗaki, kuma daga ranar ya zama wani mutum daban. Mutumin da in yana ba da labarin daji sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma zaman dakali daga safe har la'asar. Tuwon da yake cinye malmala uku ya koma guda ɗaya ma sai ya rage. Har karnukansa biyu suka gaji da jira suka koma bin wani.

Ana saura kwana huɗu in tashi zuwa China ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, idan maharba suka yi taronsu na bayan girbi zai miƙa ƙahon, ya kuma mayar wa hukuma lasisinsa. Na san mijina. Ranar da ƙahon nan ya bar hannunsa, abin da ya rage mana sai jinya. Na ce, “Malam, ai nauyi ne matsalar. Ni zan saya maka marar nauyi.” Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba, ya ce, “Hajiya, bindiga ba silifas ba ce.”

Maganar ta yi mini zafi, na tafi da ita a raina har cikin jirgi. Mu 'yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou muna da wata cuta, ita ce mun yarda babu abin da babu a garin nan. Na ga inda ake sayar da ƙofar gida da tagoginta, na ga inda ake sayar da haƙoran roba a buhu. Don haka ban ko yi shakka ba cewa akwai wani bene a wani lungu da aka cika da bindigogin farauta, in je in taya, a rage mini, in sa a kwantena tare da takalma. Allah ya so ni ban fara da tambayar ɗan China ba.

Mai yi mini jigilar kaya wani Alhaji ne ɗan zangon Kumasi, ofishinsa yana saman wani bene kusa da titin Guangyuan. Hausarsa irin tasu ce ta can, wadda mace da namiji duk “ka” ne, na daɗe da daina yi masa gyara. Na shiga ofis cike da mutane, muka gaisa, na ce da ƙarfina, “Alhaji, wace kasuwa ce ake sayar da bindiga a garin nan?”

Wallahi sai da biron hannunsa ya faɗi. Ya tashi ya tura ƙofa, ya jawo ni gefe yana zare ido. “Hajiya! Ka na so ka rufe mini ofis? Kar ka sake faɗi wannan magana, ko a cikin taksi, ko a cikin masallaci. Nan ƙasa, ko bindigan wasa na yara in ya yi kama da na gaske, polisi zai ɗauke ka. Ba wanda yake riƙe bindiga nan. Meyo! Ka ji? Meyo!” Meyo ita ce kalmar da 'yan China ke cewa babu, kuma a duk zuwana ban taɓa jin an faɗe ta da tsoro irin na ranar ba. Wata 'yar Nijar da ke zaune a kan kwali ta rufe baki da mayafi tana dariya. Na ji kunya, amma kunyar ba ta kai ta sa in fasa ba.

Da na yi wa Alhaji bayani ya huce, ya ce hanya ɗaya ce: a je wurin dillali mai izinin gwamnati a gida, da takardun Malam, a bi ƙa'ida. Sai na kira ƙanin mijina, autansu. Ya haura arba'in, yana da 'ya'ya shida, amma har gobe Auta nake ce masa, kuma tun ina amarya muke tsokanar juna. Na ce ya ɗauki takardun yayansa ya shiga birni. Bayan kwana biyu ya turo mini hotunan bindigogi uku, kowace an rubuta nauyinta a ƙasa, ya biyo da saƙon murya. “Matar Yaya, na riga na zaɓa. Ta ukun nan, ba ta kai kilo uku ba, kamar ka ɗauki kara. Ranar Alhamis zan koma a fara takardu. Ke naki sa albarka ne, zaɓen bindiga aikin maza ne.”

To, a nan ya taɓo ni. Ban san bindiga ba, gaskiya ne, amma a yi mini maganar kilo? Ni da nake ɗaga kwali in faɗi nauyinsa kafin a ɗora a sikeli, a duba a ga ban kuskure ba? Na koma ofishin Alhaji da doguwar jakar da nake zuba samfur, na hau sikelinsa ina zuba takalma ina ragewa har na haɗa nauyin kowace bindiga daidai. Ranar nan haka na yini a Zhanxi, kasuwar takalman da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, ina hawa bene ina sauka da jaka a kafaɗa. In na sami wurin da ba mutane sai in miƙa hannu in ɗaga ta in ƙirga a zuci, in ga yaushe hannun zai fara rawa. Masu shaguna suna leƙe, wataƙila sun ɗauka wani motsa jiki ne na ƙasarmu. Zuwa la'asar na yarda da Auta, duk da ban so ba. Marar nauyin nan ita ce mai daɗin ɗauka, babu tantama.

Da na dawo mayar da takalman, Alhaji ya tambaye ni abin da nake yi tun safe. Ashe yana saurayi ya yi shekaru yana bin kawunsa farauta a arewacin ƙasarsu. Ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai.

“Hajiya, ka auna ɗauka, ba ka auna shuri ba.”

Na ce wane shuri kuma.

“Bindiga in ya tashi, yana shuri baya, a kafaɗan mai shi. Nauyi ne yake shanye shuri. In bindiga ya yi sauƙi ƙwarai, shuri nasa ya fi zafi. Wane kafaɗa ne maigida ya karye?”

Na ce ta dama.

“To dama ɗin ne zai sha shuri. Harbi ɗaya, biyu, zai ajiye. Ko ƙashi ya sake buɗewa.”

Na nemi kwali na zauna. Mai nauyi ba zai iya ɗagawa ba, marar nauyi za ta ƙarasa kafaɗar. Ranar Talata ce, Auta zai koma wurin dillali ranar Alhamis, taron maharba kuma saura mako biyu da 'yan kwanaki. Ban ɓoye muku ba, a kan kwalin nan na yi hawaye, Alhaji ya yi kamar yana neman wata takarda a durowa har na share fuskata.

Washegari na fita aiki don dole, tunda kaya ba za su sayi kansu ba. Akwai wata mata a hawa na uku a Zhanxi da na fi shekara bakwai ina sayen takalman mata a wurinta. Gajeriya ce, tana rataye tabarau da igiya a wuya. Ina ce mata lawban, wato mai shago, ita kuma tana ce mini Mama. Kalmomin da muka haɗa ni da ita ba su fi goma ba, sauran duk da hannu ne da kalkuleta, amma ba mu taɓa saɓawa ba. Ina duba wani samfur na ga zare ya fito a bakin maɗaurinsa. Almakashi yana kan tebur, na ɗauka in datse. Ya ƙi ci. Na matsa, sai tauna zaren yake yana lanƙwasa shi. Dama a cike nake, na yi tsaki na ce da Hausa, “Duk kuɗin da kike samu ki rasa almakashi mai kaifi.”

Lawban ta tuntsire da dariya. Ta karɓa da hannun hagu, ƙyas, zaren ya faɗi. Ta ɗaga hannun nata na hagu tana kaɗa mini, ta nuna ƙirjinta, sannan ta buɗe almakashin ta kawo shi daf da idona. Sai a lokacin na lura bakinsa a juye yake, wanda ya kamata ya hau sama shi ne a ƙasa. Na nuna hannuna na dama, ina tambayar ko tana da irin namu. Ta ce, “Meyo,” tana ta dariya. Ta danƙa mini shi a hagu ta ce in gwada. Ni da hannun haguna ko tsintsiya ba ya riƙewa da kyau, na matsa sau ɗaya zaren ya yanke.

Shekara bakwai ina shiga shagon matar nan ban taɓa lura bahaguwa ba ce. Kuma duk tsawon rayuwata ban taɓa sanin akwai inda ake zama a ƙera wa bahago kayan aikinsa na kansa ba. A wurinmu bahago gyara shi ake yi. Ina tsaye da almakashin a hannu sai maganar surukata, Allah ya jiƙanta, ta faɗo mini. Ina amarya, muna tsince shinkafa a tsakar gida, ta rage murya ta ce, “Mijin nan naki bahago aka haife shi. Sai da mahaifinsa ya ɗaure masa hannun da tsumma a jikinsa wata da watanni, ga bulala, kafin ya koma dama. Kada ki taɓa yi masa zancen, ba ya so.” Ban taɓa yi ba kuwa. Amma ina da ido. In kofi zai faɗo daga kan tebur, hagu ce ke cafewa. Ranar da maciji ya fito a bayan rumbu, da hagu ya jefe shi da dutse, jifa ɗaya. Kullum da safe in zai buɗe ƙofar gida, in yana ganin ba mai kallo, da hagu yake zare sakata. Har abokan farautarsa suna tsokanarsa cewa in zai yi saiti sai ya karya wuya ya kwantar da kai a kan bindiga kamar mai jin sirrinta. Sai a shagon nan na gane idonsa na hagu yake nema wa hanya.

Kuma kafaɗarsa ta hagu lafiyarta lau.

Lokacin ƙarfe huɗu na yamma ne a Guangzhou, a gida kuwa tara na safe. Na karɓi lambar dillalin a wurin Auta da dabara, na fita bakin matakala inda ake jibge kwalaye, na kira shi. Na tuna gargaɗin Alhaji, don haka ban ambaci sunan abin ba ko da Hausa. Na ce, “Ranka ya daɗe, kayan nan da ƙanin mijina ya duba, akwai wadda sakatarta take hagu?”

Ya ce, “Hajiya, wa ya gaya miki ana yin irinta?”

Na ce, “Almakashi.”

Bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba. Ya ce akwai guda ɗaya tal, wani ne ya sa aka kawo masa shekarun baya ya fasa karɓa, tun lokacin tana ajiye, duk wanda ya ɗaga ya ga sakata a hagu sai ya mayar. Na tambayi nauyinta. Kilo uku da ɗan ɗoriya, tsakanin ta Auta da tsohuwar Malam. Ɗaya cikin ukun da na auna nauyinta ke nan, ranar Talata na yini da shi a kafaɗata, na san abin da yake nufi. Na kira Alhaji na gaya masa, ya ce in gindin bindiga ya koma hagu, hannun dama ba shi da aiki sai tallafe ta daga ƙasa, in ya gaji ma maharbi yana kafa gwafa ya ɗora. Na sake kiran dillali na ce ya ajiye mini ita.

Ba a yi rabin awa ba Auta ya kira, ashe dillalin ya sanar da shi. “Matar Yaya, me kika je kika yi? Hoton waya ne ya ruɗe ki! Waya tana juya hoto, dama ta koma hagu. Kin ga abin da nake faɗa, a bar wa maza aikinsu.”

Na ce, “Auta, shekara nawa ina raba ƙafar dama da ta hagu a kwali dubu? Ba hoto ba ne. Ta hagun nake so.”

“So kike a tsaya gaban maharba a ce Yaya bahago ne?”

Na ce, “Ai bahagon ne.”

Ashe bai sani ba. Shi ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi ɗaurin tsumman, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Saura mai wuyar. Na daɗe ina kallon lambar Malam kafin in danna. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa, na tambayi gida da awaki. Sannan na ce, “Malam, macijin nan na bayan rumbu, da wane hannu ka jefe shi?”

Ina jin kukan kaji a bayansa. Can ya ce, “Wa ya gaya miki?”

“Inna ce, Allah ya jiƙanta. Kuma ko ba ta faɗa ba, shekara talatin da ɗaya ina kallonka kana zare sakatar ƙofa.”

Na gaya masa komai, shurin, da almakashin, da bindigar da ke ajiye ba mai so. Ya bari na gama, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, “Yanzu da furfurata, Hajiya, in koma wa abin da aka dake ni a kansa? A gaban yaran da na koya wa harbi?”

Na ce, “Ban ce ka ci tuwo da shi ba, ban ce ka miƙa wa mutane gaisuwa da shi ba. Allah ne ya ba ka hannu biyu, ɗaya ya gaji, ɗayan yana nan tun kana yaro ba a taɓa shi ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka miƙa ƙahon nan a wannan taron.”

Ya kashe wayar. A zamanmu bai taɓa kashe mini waya ba sai ranar. Na tsaya a matakalar nan masu dako suna wuce ni da kwalaye, ina tunanin ko na tona abin da ya fi ƙarfina. Duk da haka da Alhamis ta zo na ce wa Auta a fara takardu a kan ta hagun, in abin ya ɓaci a ɗora mini. Ya ce dama a kaina zai ɗora.

Na koma gida, Malam bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. A bakin matar maƙwabci na ji cewa a taron ya ce a ƙara masa lokaci, ƙaho yana nan a wurinsa. Takardu suka ɗauki watanni, aka yi ta kai da kawo wurin hukuma, ya miƙa tsohuwar, aka rubuta sabuwar a lasisinsa. Ranar da ya kawo ta gida ko buɗe ta bai yi a gabana ba, ya tura ƙarƙashin gado. Sai dai na fara lura taɓaryata tana ɓacewa da sassafe. Wata rana na bi sawu, na hango shi a bayan gona yana ɗaga taɓarya zuwa kafaɗar hagu, yana saukewa, yana sake ɗagawa. Na juya a hankali na dawo, ranar na aro taɓarya a maƙwabta ban ce komai ba. Bayan 'yan makonni kuma ya fara fita da ita kanta bindigar, shi kaɗai, can nesa inda ba mai gani.

Allah da ikonsa, ranar da abin ya faru ina Guangzhou kuma, a wata tafiyar, kuma a shagon lawban. Wajen ƙarfe uku na rana waya ta yi ƙara, Auta ne yake kira ta bidiyo. Na ga fili a bakin daji, rana ta ɗan ɗaga, maharba sun fi ashirin da karnukansu. Ya raɗa mini, “Matar Yaya, ki yi shiru ki kalla.” Na yi maza na cusa abin sauraro a kunne, na juya wa ƙofa baya. Al'adarsu ce kafin su shiga daji a farkon fita, sai a ɗora goruba a kan kututture kowa ya gwada hannunsa. Na ga Malam ya fito da ƙaho a rataye. Da ya warware tsumma aka ga sakata a hagu, sai surutu ya tashi. Na ji wani yana cewa, “Yau kuma da hannun bayan gida za a shiga dajin?” Aka yi dariya. Malam bai kula ba.

Ya kai ta kafaɗar hagu. Abin da na fara lura da shi shi ne wuyansa. A miƙe yake, babu karyawar nan, kansa ya zauna a kanta daidai. Ƙarar ta daki kunnena, gorubar ta yi tsalle ta ɓace. Kafin a gama salati hannunsa na hagu ya ɗaga sakata, ya ja, ya tura, ko sauke bindigar daga kafaɗa bai yi ba. Wani ya ruga ya ɗora goruba ta biyu can gaba da ta farko. Ita ma ta tafi. Wanda ya yi maganar bayan gida shi ya fara cire hula yana kaɗawa.

Ni kuwa na manta a ƙasar wa nake. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar Zhanxi, irin wadda ban yi ba tun bikin 'yata ta fari. Layin shagunan nan gaba ɗaya ya tsaya cak, har mai gadi ya taho da sauri. Lawban ba ta san me ya faru ba, amma ta ga ina dariya ina hawaye, ta tare shi a ƙofa ta yi masa wani dogon yare ya juya. Na kife wayar a ƙirjina don kada a ga abin da ke ciki, na ɗauki almakashinta na ɗaga sama ina ce mata sheshe, sheshe, wato na gode. Har yau ina jin ta ɗauka jika aka haifa mini.

Da na sake duba wayar, fuskar Malam ce ta cika ta. Ya karɓe daga hannun Auta, ya ɗan ja gefe. Ya dube ni ya ce, “Hajiya, ashe duk shekarun nan da hannun aro nake harbi.” Ya gyara murya ya ce, “Kin ci abinci kuwa?” Daga bayansa na jiyo Auta yana ihu cewa shi dama tun farko ta hagun ya so a ɗauka. Sai Malam ya miƙa masa wayar, na ga shi Malam ɗin ya kai ƙaho baki ya busa, karnuka suka zabura, har da biyun nan da suka gudu.

Kafin in bar shagon na roƙi lawban ta sayar mini da almakashin. Ta ƙi karɓar ko sisi, ta naɗe mini shi a takarda. Yana nan rataye a shagona na Kano. Duk wadda ta ɗauka za ta yanke zare sai ya ƙi ci, ta yi tsaki, ni kuma in ce ta zauna, akwai labari.

Malam har yau da dama yake cin tuwo, da dama yake gaisawa, malmala uku kuma ta dawo. Abin da na koya shi ne, in za ka zaɓa wa naka wani abu, sanin kaya kaɗai ba ya isa. Auta ya san bindiga, dillali ya fi shi sani, Alhaji ya san shurinta, duk sun fi ni. Ni abin da na sani shi ne hannun da zai riƙe ta, don na yi shekara talatin da ɗaya ina kallonsa ban ce komai ba. Na kuma koyi cewa abin da aka ɗaure wa mutum da tsumma yana yaro ba mutuwa yake yi ba, yana nan yana jiran wanda zai kwance. Yanzu kullum da safe Malam yana zare sakatar ƙofa da hagu, ko ana kallo ko ba a kallo.